Ƙafafun Kyari da Harshen Ƙarfe

Ƙanwata Habsu ba ta roƙe ni tsaraba ba. Abu guda ta ce: "Yaya, da ƙafafunsa ka ɗauke shi, da su za ka maido min shi." Mijinta Kyari yana da ciwon sukari, kuma likita ya ja masa kunne cewa ko ƙaya ce ta soke shi a tafin ƙafa, kada ya kwana bai nuna ba. Na dafa ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba a ƙasa za mu taka zuwa Turkiyya ba. Ta yi min irin kallon da take min tun muna yara, in na rantse ba ni na sha furar ba.

Sunana Isa, amma in ka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram kana neman Isa, yini za ka yi ana nuna maka mutane. Ka ce Gwangwani, ko mai tallan ruwa zai kawo ka rumfata. Lekol, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba. Na kwance keken malaminmu don in ga abin da ke cikin gindin feda, ban iya mayarwa ba, shi ke nan karatuna.

Ga inda sunan ya samo asali. Baburan da, masu hayaƙi, waɗanda ake haɗa musu esans, wato fetur, da baƙin mai, suna da wani ɗan siririn falle a maƙogwaron inji. Masu faransanci suna ce masa kalape, mu harshe muke cewa. In piston ya ja numfashi sai ya ɗaga, esans ya shiga. In ya turo sai ya rufe. Ba mai danna shi, iska ce kawai ke kaɗa shi. In ya lalace babur ya mutu, sabo kuma sai an aika Kano. Ni na fara yanka shi daga gwangwanin kifi, daga baya na gane ƙarfen tsohon metir, abin awon nan na magina, ya fi. In gasa, in daddale, in huda da ƙusa. Har yau akwai baburan da ke kai gero daga Gaffati da harshena a wuyansu.

Sai baburan China suka cika gari. Su ba harshe gare su ba, supap ne, wasu ƙusoshi masu faɗin kai da sanda ke dannawa bi da bi. Ba hayaƙi, ba shan mai, kayan gyaransu kuma a kowane lungu. Na koma mai zaman fada, wato majalisar hira ta bakin titi, ina shan shayin mutane ina ba su labarin da. Shi ya sa da wani Lawali, ɗan wajen Takieta da ke zaune a Istanbul, ya aiko da murya cewa wani garaji a bakin teku yana neman dattawan da suka san tsofaffin injuna, ban yi shawara da kowa ba sai Kyari. Shi ma ba shawara ba ce, jan sa na yi. Tsohon sofen kamiyo ne, wato direban babbar mota, Babarbaren unguwar Birni, yana jin faransanci, ni kuma ina tsoron in ɓace a filin jirgi.

A Istanbul, Lawali ya sauke mu a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa, katifu jere kamar na marasa lafiya a lopital. Ya ce mu ba shi paspor ya ajiye mana. Na miƙa nawa tun bai rufe baki ba. Kyari ya ce, "Yaro, takardata ba ta kwana a aljihun wani." Da safe ya kawo mana takalma masu ƙyalli, da gashi a bakinsu.

Kyari ya juya nasa a hannu. "Bakin teku da takalmin gashi?"

"Baba, tekun can akwai ɗan sanyi."

Ya sa mu a kar, babbar motar fasinja, ya yi magana da sofe, ya ɗaga mana hannu. Muka yi ta tafiya gabas. Gidaje suka ƙare, itatuwa suka ƙare, duniya ta zama fara fat kamar an zubar da garin rogo daga sama. Kyari yana leƙen taga yana cewa, "Gwangwani, in ka ga tekun ka tashe ni." Wata tsohuwa a kujerar gefe ta yi ta kallon ƙafafunsa, da ƴar safar nan ta zuwa masallacin Juma'a. Ta buɗe jakarta ta ciro safa mai kauri, saƙar hannu, ta ɗora masa a cinya. Ya laluba aljihu, ta buge masa hannu kamar jikanta. Ba mu san sunanta ba. Ta sauka a wani ƙauye da ba mu ga komai a cikinsa ba sai hayaƙi.

Inda aka sauke mu gindin wani dutse ne da masu hali ke zuwa su yi sulu a kan ƙanƙara. Mai wurin wani gajeren dattijo ne mai gashin baki, kowa na ce masa Usta, wato ubangidan sana'a. Ya dubi wayarsa, ya dube mu, ya sake duban wayar. Daga baya muka gane samari biyu Lawali ya yi masa alkawari. Ya ce, "Allah, Allah," ya girgiza kai, sannan ya zuba mana shayi a ƴan kofunan nan masu ƙugu. Da la'asar ta yi ya ga mun nemi ruwan alwala, sai ya shimfiɗa darduma uku. Ina jin sallar nan ce ta hana shi mayar da mu kar. Kyari ya samu aikin dafa shayi da share ƙofa, ni wanke kayan inji.

Baburansa ba su da taya. A gaba katako biyu ne dogaye kamar takalman aljani, a baya bel mai haƙora irin na katafila. Na ce a raina, Isa, ƙaryarka ta ƙare. Amma da Usta ya ja igiyar ɗaya ta tashi, shuɗin hayaƙin nan ya bugi hancina, sai da na juya baya na goge ido. Warin rumfata ne sak. Ya ɗaga murfi, ga inji mai tukunya biyu, ba supap ko ɗaya. Abin da Damagaram ta jefar, shi ne sarki a nan.

Na nuna masa mamakina da hannu. Ya ja ni wurin wata sabuwa guda ɗaya da yake da ita, mai supap, ya ce in ɗaga gabanta. Na ɗaga, bayana ya amsa. Ya ce in ɗaga tsohuwar, ta taso kamar akuya. Ya taka ƙanƙara mai laushi a gefen hanya, ƙafarsa ta nutse, ya nuna sabuwar. Sannan ya buɗe min wurin manta da sassafe, man ya daskare kamar kakiɗe. Na gane. Supap yana zuwa da sanda da sarƙa da tukunyar mai, duk nauyi ne, kuma sanyi na kama su. Mai harshe ba ta ɗauke da komai, ja ɗaya ta tashi. Sabuwar ta fi shiru, ta fi tsimin esans, baƙi sun fi son ta, amma ba ta barin hanyar da aka daddale.

Ranar da ya fara kwance harshe a gabana na miƙa hannu da sauri kamar an kawo tuwo. Baƙi ne, mara nauyi, ba ƙarfe ba, wani abu tsakanin roba da farce. Na lanƙwasa shi na taɓe baki. Na ɗauko metir a kan tebur na nuna masa cewa mu da wannan muke yi. Usta ya daina murmushi. Ya ɗauki baƙin ya yi kamar ya jefa a baki, ya tauna, ya haɗiye, ya shafa ciki. Ya ɗauki metir ya yi kamar ya haɗiye, ya kama maƙogwaro, ya zaro ido, ya faɗi a kan buhu. Ko jariri ya gane: in baƙin ya karye inji zai niƙe shi ya tofar, in ƙarfe ne zai kashe inji.

Na gane sarai. Yarda ce ban yi ba. Na ce wa Kyari, "Mutanen nan sabon kaya ya sangarta su. Tun kafin a haifi Lawali nake sa ƙarfe, ba injin da ya taɓa haɗiye min."

"Baburan Gaffati da jaki ke wuce su? Ka ji yadda wannan ke kuka in an murɗa ta?"

"Kai dai dafa shayinka, Babarbare."

Kwanakin nan sun yi min tsawo. Rana tana fitowa amma ba ta aiki. Burodi da zaitun safe da yamma, har na fara mafarkin fura da nonon Hamdara. Kowace yamma Kyari zai cire safar tsohuwa, in riƙe masa madubi ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, don idonsa ba ya kai can. Habsu za ta kira, kafin ta gaishe ni sai ta ce, "Yaya, ƙafafun?" In juya mata waya ta gani. Ƴan fada kuma suna aiko da murya: "Gwangwani, an ce kwanuka kake wankewa a ƙasar Turawa. In da gaske injiniya ne kai, mu gani a bidiyo." Wannan magana ta fi sanyin cizona.

Cikin baburan akwai wata ja, tsohuwa, da ta ƙi tashi. Usta ya kwance ya samu gefen harshe ɗaya ya ɗan gutsure. Ya jefa shi a kwandon shara, ya ce sai an kawo sabo daga birni. Da ya juya na tsince shi na sa a aljihu. Bakaniken Damagaram ba ya wuce abin inji a ƙasa, ko ya mutu. Kyari ya ce wata rana aljihuna zai ja ni cikin rijiya.

Ranar Juma'a Usta ya sauka birni don sallah da sayen kayan. Ya nuna mana buhun burodi da tulun gas da za a kai wata rumfar shayi can saman dutse in ya dawo. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba, in ma akwai ƙura a ƙasar, na ɗauko metir. Na yanka, na gasa a murhun shayi, na daddale, na huda da ƙusa. Na ɗaura. Ja ɗaya na yi, jar ta tashi, tana ruri.

Kyari ya fito da buta a hannu. "Me ka sa mata?"

"Ilimi. Hau ka riƙe gas."

"Mutumin nan ya faɗi a kan buhu a gabanka."

"Mu kai, mu dawo, ya tarar an gama aiki. Kuma waye zai ɗauke ni bidiyo? Ko so kake a ce surukinka mai wanke kwanuka ne?"

Ya ajiye butar ya sa takalmin Lawali.

Hawa lafiya lau. An kafa jajayen sanduna a gefen hanya, muka bi su a hankali har rumfar, muka sauke kaya, mai rumfa ya ba mu shayi. A dawowa ne shaiɗan ya zauna min a kafaɗa. Na ce bidiyo da sanduna a ciki kamar na ɗan koyo ne. Na karya hagu, na zaga bayan wani tudu, inda ba sawun kowa, fili fari har iyakar gani. Kyari ya ɗaga waya ta saman kafaɗata. Na gyara hula, na ce, "Jama'ar fada, ga Gwangwani," na murɗa mata wuta har ƙarshe.

Ban taɓa jin inji ya yi irin wannan kuka ba, siriri kamar na injin niƙa da ba hatsi. Muka tashi kamar an harba mu. Sai na ji ƙas, sannan wani gurnani, sannan bel ya tsaya cak. Na daki gilashin gaba da haɓa, Kyari ya dake ni a baya.

Shiru. Irin shirun da ba ko tsuntsu.

"Me ta ci?" in ji Kyari.

"Tari ne kawai."

"Gwangwani, na tsufa a kan kamiyo. Na san kukan injin da ya haɗiyi ƙarfe."

Na ja igiya, ta ƙi motsi, kamar an ɗaure ta a gindin kuka. Na ce ya kira Usta. Ya duba wayar, ta mutu, alhali da rabin caji muka fito. Tawa ma haka. Sanyin can yana shanye batir kamar yaro da rake.

Muka ce mu bi sawunmu a ƙasa. Taku kaɗan muka nutse har cinya. Iska ta taso tana kwashe garin ƙanƙara tana cike sawun a gaban idonmu, tudun da muka zago ya ɓace cikin fari. Da kyar muka rarrafo wurin babur. A nan na ga takalmin Kyari na hagu ya buɗe baki. Ƙarƙashin gashin nan kwali ne, kwalin sabulu, har da rubutu. Ya jiƙe ya narke.

Na ɗaga murfin inji. Kyari ya zauna a gefe, ya cire takalmin, ya ɗora ƙafarsa a kan bututun hayaƙi don ya ji ɗumi.

"Har ya huce," in ji shi.

Na kai hannu na taɓa bututun. Sai da na yi tsalle, fatar yatsana ta tashi. Na fizge ƙafarsa. Safar tsohuwa ta fara ƙauri, shi kuwa yana kallona yana jiran in gaya masa abin da ya faru.

Na cire masa safar. Yatsun sun yi fari-fari, da tauri kamar kyandir. Na matsa babban, na ce, "Ka ji?" Ya ce, "Ka fara?"

Muryar Habsu ce kawai a kunnena. Na ce ya kwanta a kan kujerar babur ya miƙo ƙafafu. Na kwance rigunana, na cusa ƙafafun a kan tumbina, fata da fata, na ja riga na ɗaure da ɗamara. Wallahi kamar an manna min ƙanƙarar masu sayar da lemo. Haka na sunkuya kan inji da ƙafafun mutum a cikina, kamar mai cikin da ya zo haihuwa ta baya.

"Ashe tumbin nan yana da amfani," in ji Kyari. "Na ɗauka na cin bashin tuwo ne kawai."

"Yi shiru, ina tiyata."

Na ciro turnabis da kile, wato sukudireba da sifana, daga akwatin babur. Na cire karbirato, na zaro gidan harshe. Ga aikina: ya karye daidai wurin hudar ƙusa, rabin ya tafi ciki. Na cire buji biyu, wato fulogi, na kama faifan da ke jan bel da hannu biyu ina juya shi baya, gaba, baya, gaba, ina roƙon injin kamar mai lallashin jaki a bakin gulbi. Hannuna sun daina zama nawa. In na taɓa ƙarfe sai ya manne. In na ji sun mutu sai in cusa su a hamata, in ƙirga sunayen ƴaƴan Habsu, in fito da su.

Kyari ya yi shiru. Na waiga, idonsa a lumshe.

"Kai, Babarbare. Barci a wurin aiki?"

Ya yi magana a hankali, da barbarci, yana kiran yayarsa da ta rasu tun muna samari. Sannan ya dawo Hausa. "Isa, ka gaya wa Habsu..."

Tun da ya auri ƙanwata bai taɓa kirana Isa ba.

"Ba abin da zan gaya mata. Tsoronta nake ji, ka sani. Kai za ka je ka faɗa da bakinka." Na daki gwiwarsa. "Tashi ka ba ni amsa. Ba ku ne kuka zo Damagaram da tabarma ɗaya kuka ce kwana biyu za ku yi ba?"

Ido ɗaya ya buɗe. "Mu muka koya muku sa wando."

"Ƙarya kake. Faɗi wata."

Na yi ta zaginsa, da danginsa, da kamiyonsa da ba ta taɓa isa Agadas ba tare da an ja ta ba, yana ramawa da kyar, ina juya faifai. Can na ji ya saki. Wani abu ya faɗa cikin bututun hayaƙi, ƙil, kamar an jefa tsaba a kwano. Faifan ya zagaya, yana gurzawa amma yana zagayawa.

Saura harshe. Ba metir, kuma ko akwai, na ƙoshi. Na zura hannu a aljihu, cikin wayoyi da wasar da ban san ranarsu ba, na ciro baƙin nan na kwandon shara. Na kifa shi ta ɗaya fuskar don ya kwanta sosai. Ƙananan bis ɗin, ƙusoshin murɗawa da ke riƙe shi, na sa a baki don kada su faɗa ƙanƙara, yadda nake yi a rumfata. Suka manne a leɓena. Da na ciro na farko ya taho da fata, jini ya ɗiga a kan injin ya daskare nan take. Yatsuna ba sa iya riƙe bis, sai da na dafe shi da bakin turnabis na juya da tafin hannu biyu.

Haske ya fara ja baya lokacin da na mayar da karbirato. Na ciro ƙafafun Kyari, na sa masa safar tsohuwa, na naɗe su da rawanina da buhun da muka juye burodin cikinsa, na ba shi takalmina a kai. Na sa nasa mai buɗaɗɗen baki. Na ja igiya. Ba komai. Na ja, ta yi atishawa. Na ja har na ga taurari. Kyari ya ce, "Ka yi bisimilla mana, kafiri." Na yi, na ja, ta kama, tana ɗingishi kamar mai tukunya ɗaya da rabi.

Ban san ina ne hanya ba. Ko'ina fari, sama da ƙasa sun haɗe. Na bar ta tana bugawa a hankali, na cire hula ina saurare. Ta ƙarƙashin kukan iska na ji wani abu siriri daga dama, can ƙasa. Kiran magariba ne daga lasifikar ƙauye. Na ɗaure Kyari a bayana da ɗamara, na juya kanta wajen ladan. Ban murɗa mata wuta ba. Tafiyar jakin Gaffati muka yi, ina jin gurzar piston a cikin haƙorana, ina magana da Kyari ba tsayawa, in ya yi shiru in sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari.

Da muka zago tudun na ga fitila tana kunnuwa tana mutuwa. Usta ne a kan sabuwar, tsaye daidai sandar ƙarshe. Ya ga inda sawunmu ya bar hanya, ya gwada bi, ta nutse masa har ya sha wuyar fito da ita. Ya tsaya nan yana kunna fitila yana kiran sunan da yake ce min, Isa Baba.

Muka ƙarasa wurinsa. Ya kwance ƙafafun Kyari ya duba, ya dubi kwalin da ke ƙafata, ya ambaci sunan Lawali da wata kalma da ban nemi fassararta ba. Ya cire rigarsa ta fata ya naɗe ƙafafun, muka sauka.

A lopital na birni muka daɗe. Likita ta hana a murza, ta sa a ruwa mai ɗumi, Kyari ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ta ce kukan alheri ne. Ta ɗaga safar tsohuwa ta jinjina kai. Ƙafar dama ta dawo duka. Ta hagu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka yi baƙi, suka ƙi dawowa. Aka jira, aka jira, sannan aka cire su. Ina zaune a bakin ƙofa lokacin, da leɓe a kumbure.

Usta yana zuwa da miya a kwano. Wata rana ya zo da abu a tsumma ya ɗora min a cinya. Piston ne, gefensa a kakkarce kamar kura ta yi wasa da shi. Ya zauna kusa da ni muka yi ta kallonsa tare. Sannan ya ciro paspor ɗina daga aljihu ya ɗora a kai. Yadda ya ƙwato shi daga Lawali ban sani ba, na dai taɓa jin sa yana waya a tsakar gida, har karnukan ƙauye suna amsawa.

Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan ce wa Habsu. Wahalar banza na yi. Wayar Kyari da ta ji ɗumin lopital ta farfaɗo, bidiyon yana ciki, shi kuma da ya ji sauƙi ya tura wa ƴan fada. Ga ni da hula a karkace ina cewa ga Gwangwani, ga kukan inji, ga ƙas, ga sama ta juye. Ya riga mu isa gida. Yaran Birni har sun mayar da shi waƙa.

Habsu ta tarbe mu a zaure. Ta gaida mijinta, ta zaunar da shi, ta durƙusa ta kwance bandejin da kanta. Ta daɗe tana kallo. Kyari ya fara cewa sanyin ƙasar ne, ba laifin kowa ba, ta ɗaga masa hannu. Na gyara tsayuwa ina jiran abin da ya dace da ni. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da kwano da ruwan ɗumi da tsumma, ta ajiye a gabana.

"Likita ya ce kullum da yamma, a wanke, a duba tsakanin yatsu, a shafa mai. Idona ba ya gani sosai in rana ta yi sanyi. Kai ne gwanin ƙananan abubuwa, Yaya."

Tun ranar, la'asar sakaliya tana yi nake rufe rumfa in nufi Birni. Piston ɗin yana rataye a ƙofar rumfar, in an tambaya in ce kyautar girmamawa ce daga ƙasar waje. Kyari yana tafiya, da ɗan jirge kaɗan, har masallaci yake zuwa da ƙafarsa.

Jiya ina wanke ta hagun, na tsaya ina kallon gurbin nan. Wuri ne ɗan kaɗan, bai fi faɗin metir ba. Na sa babban yatsana a gefe ina gwadawa.

"Na ga idonka," in ji Kyari. "Kada ka soma auna min ƙafa."

"A'a, tunani kawai nake. Da za a samu roba mai laushi, irin ta tiyo, a ɗan yanka..."

Daga madafa, ba tare da ta leƙo ba, Habsu ta ce, "Yaya."

Na mayar da hannu cikin ruwa.